Kirsimetin Da Na Yi Ɗaure Da Jarkar Ruwa

Sunana Saratu, mutuniyar Maradi ce ni. Ina da shekara ashirin da biyu na zo Kaduna koyon Turanci da aikin kwamfuta, na sauka a Kurmin Mashi, gidan Mama Talatu, wata malamar firamare 'yar kudancin Kaduna da fastonmu na gida ya haɗa ni da ita. Abin da zan faɗa ya same ni ne a shekarar da aka rufe iyakar ƙasarmu da Najeriya. Na rubuta shi saboda 'yan'uwana masu fita wata ƙasa karatu ko neman sana'a, masu ganin tunda Hausa ake yi a can, ai gida ne. Ni ma haka na ɗauka, har ranar da wata nas ta tsaya a kaina da biro a hannu ta ce, "Wa zai zauna da ke?"

Farkon Disamba ne. Na riga na tsara yadda zan je gida bikin Nowel, kamar yadda muke kiran Kirsimeti a wajenmu: mota har bakin iyaka, daga nan babur ta cikin daji, yadda kowa ke yi tun da aka rufe hanya. Na je kasuwa na saya wa mahaifiyata, Inna, atamfa. A hanyar dawowa wata mota ta fito daga kwana ta daki gefen keken da nake ciki, daidai inda nake zaune. Ban suma ba. Da ma na suma. Ina kwance a kan kwalta ina kallon ƙafata ta dama ta juya waje kamar ba tawa ba.

Mutane suka taru, kowa da tasa shawarar. Wani ya ce akwai mai ɗori a Abakpa, hannunsa na da albarka. Wani bawan Allah kuma bai tambayi kowa ba ya kama dugadugina zai miƙar da ƙafar. Ihun da na yi, har yau ban san da wane yare na yi shi ba. Don Allah, in kun tarar da wanda ya karye, kada ku ja shi. Likita ya gaya mini daga baya cewa wannan jan ya ƙara ɓata abin. Allah ya taimake ni wata mata ta ɗauki wayata ta kira Mama Talatu, ita kuma ta ce kada a kai ni ko'ina sai asibiti.

Makon farko layi ne. Layin kati, layin hoton ƙashi, layin biyan kuɗi, ni kuwa ina kan gadon da ake turawa a baranda, duk wanda ya wuce sai ya gogi gadon. Mama Talatu ce ke zirga-zirga, an ce ta sayo safar hannu, an ce ta sayo bandeji, an ce allurar nan babu ita a ciki sai a kantin waje. Da likitan ƙashi ya zo, ya ɗaga hoton ya nuna mini: ƙashin cinya ya rabu biyu, ɗaya ya hau kan ɗaya. Ya ce sai an yi tiyata an sa ƙarfe. Amma akwai mutane da yawa a gabana, babban likitan kuma zai tafi hutun ƙarshen shekara.

"Kafin nan za mu sa ki a tirakshan," in ji shi.

Ban taɓa jin kalmar ba, ba kuma zan manta da ita ba. Abin da take nufi shi ne, aka naɗe mini ƙafa da filasta daga cinya har idon sawu, aka ɗaura igiya, aka ratayo ta ta ƙarshen gado, aka ɗaure jarkar ruwa a bakinta. Nauyin jarkar ne ke jan ƙashin don kada ya ƙara hawa kan ɗan'uwansa. Ba zama, ba juyi, ba sauka. Rigingine kawai. Abin da nake gani daga gadona shi ne fanka, da rabin taga, a cikin tagar kuma tankin ruwa da kan wata bishiyar mangwaro. In mai shara ta bugi jarkar da tsintsiya, sai in ji shi har cikin haƙorana.

A nan na gane cewa a asibiti nas magani take bayarwa, likita dubawa yake yi, amma wanka, da abinci, da wankin zane, da ɗaukar fo na fitsari da bayan gida, duk aikin mai jinya ne. Kowane gado a ɗakin da tabarma a ƙarƙashinsa, da uwa ko ƙanwa ko 'ya a kanta. Mama Talatu ta yi iya ƙoƙarinta. Tana zuwa da yamma, ta goge mini jiki, ta kwana, da asuba ta tafi. Amma lokacin jarrabawar yara ne, ga kuma auren ɗanta Bulus da za a yi a ƙauyensu washegarin Kirsimeti. Yini guda ni kaɗai nake.

Sai na yi wa kaina wata dabara, wadda nake roƙon duk mai karanta wannan kada ya yi ta. Na daina ci da sha da rana, don kada in buƙaci fo babu wanda zan roƙa. Abincin da Mama ta bari sai in ba wa masu jinyar wasu. Kafin mako na biyu ya ƙare cikina ya ɗaure kamar dutse, fitsarina ya koma ja yana zafi, zazzaɓi ya rufe ni. Aka ƙara mini wasu allurai, aka ƙara wa Mama Talatu sayayya.

Shawarwari kuwa ba su yanke ba. Kawuna ya kira daga gida ya ce a kwance ni a kawo ni, akwai mai ɗorin da ya gyara ƙafar raƙumi ma balle ta mutum. Na ce, "Kawu, a kan me za a kawo ni? A kan babur?" Wani dattijon cocinmu ya kawo man addu'a ya shafa a kan filasta. Maƙwabciyar Mama ta ce farfesun ƙafar saniya kullum, ƙashi zai haɗe ba sai an tsaga ni ba. Wata mata ta shigo ɗakin da kwalabe a jaka, ta ce garin da take sayarwa yana ɗinke ƙashi, nas ta kore ta, ta dawo ta taga. Kuɗin da 'yan'uwana suka haɗa ma sai da ya biyo ta hannun 'yan kasuwa kafin ya iso, don hanyoyin tura kuɗi duk sun rikice.

Inna kullum sai ta kira. Magana ɗaya take yi: "Ɗiyata, ina tahowa."

"Inna, kada ki taho. Hanyar nan ba taki ba ce. Ina da masu duba ni."

"Su wa?"

"Suna da yawa," nake ce mata.

A gadon da ke hannun hagu da ni akwai wata tsohuwa, Hajiya, daga Unguwar Sarki, ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu. 'Yarta ce ke jinyarta, Anti Bilki, ma'aikaciya a wata ma'aikatar gwamnati, ta ɗauki hutu don uwarta. Mace ce mai ɗaure fuska, ga tabarau, ga faɗa da nas-nas. Maganar farko da ta shiga tsakaninmu ita ce, "Ke 'yar Nijar, rage ƙarar wayar nan, Hajiya na barci." Tsoronta nake ji.

Wata rana da hantsi ta tsaya a kaina tana kallon kwanon abincina a rufe.

"Ke azumi kuke yi ne kafin bikinku?"

Na ce a'a.

"To me ya hana ki ci? Tun da na zo ina lura da ke. Da rana ba kya sa komai a bakinki, sai matar nan ta zo."

Na juya fuskata wajen taga. Ta rage murya.

"Don fo ne?"

Hawaye suka zubo mini. Ta ja tsaki, ta jawo labule, ta sunkuya ƙarƙashin gadona ta fito da shi.

"Ɗaga ƙugunki. Ina ɗaukar na uwata, naki ne zai kashe ni? Kuma daga yau in na ga kwanon nan a rufe, ni da ke ne."

Hajiya daga gadonta ta ce, "Bilki, ki yi mata a hankali mana, 'yar mutane ce."

"Hajiya, a hankalin ne ya kai ta ga wannan halin."

A mako na uku ɗakin ya fara watsewa. Duk wadda za ta iya takawa an sallame ta, wasu ma su suka roƙa a sallame su don su yi biki a gida. Aka naɗe katifu. Muka rage mu kaɗan, waɗanda igiya ko ƙarfe ya riƙe. Likitoci suka ragu, sai wani matashi da ke leƙowa ya duba igiya ya ce, "Ana nan dai ko? Sai Janairu."

Ranar da Mama Talatu za ta tafi ƙauye ta zo da cincin a roba da sabon ɗankwali, ta zauna a bakin gadona ta kasa kallona.

"Saratu, ki yafe mini. In ban je ba, wa zai tsaya a matsayin uwar ango?"

"Mama, ki tafi. Ba komai."

Da gaske nake ba komai, da gaske kuma na ji haushinta. Duka biyun gaskiya ne. Ta ce ta yi magana da wata 'yar cocinmu za ta riƙa zuwa. Matar ta zo sau ɗaya, daga nan baƙi suka cika mata gida, sai saƙon ban haƙuri a waya. Yawancin waɗanda na sani a Kurmin Mashi sun tafi garuruwansu, wasu sun tsallaka gadar kogi zuwa kudancin gari wajen dangi.

A kwanakin nan ne Anti Bilki tana goge mini baya ta tsaya cik. Ta kira nas. Fatar ƙasan bayana ta sale, ta fara zama gyambo saboda kwanciya wuri ɗaya. Ni ban ma sani ba, ciwon cinya ya danne komai. Nas ta ce ai tun farko ya kamata a riƙa ɗaga ni ana shafa mai ana sa matashi. Anti Bilki ta ce, "Tun farkon wa kika gaya wa?" Suka yi ta yi, ina kwance a tsakaninsu kamar kayan da ake ciniki.

Ranar jajibirin Kirsimeti ƙanena ya kira.

"Yaya, Inna ta iso?"

"Ta iso ina?"

"Wajenki. Tun da safe ta fita. Ta ce kada a gaya miki sai ta tsallaka."

Na kira wayarta, a kashe. Na sake kira, a kashe. Inna ta haura shekara hamsin, tana da hawan jini, ba ta taɓa wuce bakin iyaka ba. Na san hanyar nan, na san labaran da ake bayarwa a kanta. Ban san lokacin da na yunƙura zan tashi ba. Jarkar ta fizge ni, wani zafi ya ratsa ni har ƙwaƙwalwa, na koma na kwanta. Anti Bilki ta danne mini kafaɗa.

"Ina za ki? Ko an kwance ki, ina za ki?"

Haka gari ya waye mini ranar Kirsimeti, waya a kan ƙirji. A gida war haka da mun dawo daga sujada, Inna na raba shinkafa a kwanuka ana kai wa maƙwabta, mu kuma muna gardamar wa zai kai gidan da ake ba da tukuici. A nan, ta rabin tagata, ina jin ƙarar abin fashewar da yara ke wasa da shi daga bayan katanga, ina jin kiɗa daga wata mota da ta wuce. Sau ɗaya na hango wata yarinya a kafaɗar babanta, da sabuwar riga da tabarau na roba, sun zo gaida wani. Iyakar Kirsimetin Kaduna da na gani da idona ke nan.

Wajen azahar matan zumunta na wata coci suka shigo da anko, da tulun kiɗa da caki. Da suka ji ni Kirista ce, suka kewaye gadona. Suka rera waƙar da muke rerawa a gida, da Hausa ɗaya, da murya ɗaya, na buɗe baki zan bi su, kuka ya ƙwace mini. Suka ɗauka daɗi ne ya sa ni kuka. Suka yi mini addu'a, suka ba ni shinkafa da naman kaza da sabulu, ɗaya ta ɗauke mu hoto, ɗaya ta bugi jarkar da gwiwa ba ta sani ba. Sannan suka wuce ɗaki na gaba. Na gode musu har zuciyata, shinkafar ma ta yi daɗi. Amma a cikinsu babu wadda ta duba ƙarƙashin gadona ta ga babu tabarma, babu wadda ta ce, yarinya, wa ke kwana da ke? In kuna zuwa gaida marasa lafiya ranar biki, ku yi wannan tambayar kafin ku fara waƙa.

Bayan sun fita Hajiya ta ce, "Yaya sunan uwar taki?"

"Rahila."

Ta jawo carbinta. "To, Allah ya san inda Rahila take. Bilki, tsefe wa yarinyar nan kai, yau sallarsu ce, ta zauna kamar mahaukaciya."

Kaina tun ranar haɗari ba a taɓa shi ba, ya cukurkuɗe ta ƙeya. Anti Bilki ta tsaya ta bayan gado tana tsifa tana mita, tana ja ina cewa wash, tana cewa in riƙe wuyana. Tana cikin kitson wayar ta yi ƙara. Lambar da ban sani ba ce.

"Ɗiyata."

"Inna! Kina ina?"

Muryarta a dishe. Ta ce sun shiga daji su da yawa a kan babura, suka yi kiciɓis da masu sintiri, kowa ya watse. Yaron da ya ɗauko ta ya sauke ta a bayan wata gona ya ce ta jira shi, ya tafi da jakarta da wayarta a ɗaure a babur, bai dawo ba. Ta yi ta tafiya a ƙasa har ta faɗa wata ruga, wata mata ta ba ta fura da wurin kwana. Da safe aka nuna mata hanya, ashe baya ta koma, tana cikin ƙasarmu. Wayar wani mai shago ce ta ara.

"Inna, ban ce kada ki taho ba? Ban ce ba? Da kin mutu a dajin nan fa?"

"To mi kike so in yi? In zauna in ci shinkafa? Kilishin da na riƙo miki ma ya tafi da shi. Da zanen gadon."

Na fashe da dariya ina kuka. Anti Bilki ta karɓe wayar daga hannuna.

"Salamu alaikum, Mama. Sunana Bilki, gadonmu na kusa da nata. Ki koma gida ki kwanta. 'Yarki na ci, tana sha, yanzu haka kitso nake mata. In kika sake hawa babur, ni da kaina zan daina duba ta."

Ban ji abin da Inna ta ce ba. Na dai ga Anti Bilki ta cire tabarau ta goge ido da bakin mayafi, ta miƙo mini wayar, ta ce, "Juyo da kanki, saura layi biyu."

Kafin sabuwar shekara 'ya'yan Hajiya maza suka gaji da jiran tiyata, suka sa hannu suka ɗauke ta zuwa gida, wai za a kira mai ɗori. Anti Bilki ta yi faɗa har muryarta ta dishe, ba su saurare ta ba. Da za a fita da ita Hajiya ta sa aka tsaya a gefen gadona ta dafa mini goshi. Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi tsawo a rayuwata. Katifarta a naɗe, ni da fanka da tankin ruwa. Wata mai shara ce ta riƙa taimaka mini in ta ga dama, Anti Bilki kuma ta leƙo sau biyu da kunu, a gurguje.

Mama Talatu ta dawo a rame, ta tarar da sabon sharaɗi: ba za a shiga da ni tiyata ba sai an kawo masu ba da jini. Wa nake da shi? Mijin Anti Bilki ya zo, aka auna shi aka ce jininsa ya hau, ba za a ɗiba ba. Sai ga Bulus, angon da ko sati biyu bai cika ba, ya zo da abokinsa, suka nannaɗe hannun riga. Amaryarsa na tsaye a baranda tana harararsa tana riƙe masa lemo.

An yi tiyata a cikin Janairu. Ranar da aka kwance igiyar, na ce a nuna mini jarkar. Tsohuwar jarkar man gyaɗa ce, ƙarama, ba ta kai yadda nake jin ta ba. Ƙashi ya haɗe, sai dai ƙafar ta ɗan gaza 'yar'uwarta tsawo, ina ɗan ɗingishi har yau. Gyambon baya kuwa ya fi ƙashin daɗewa bai warke ba.

Abin da zan ce wa mai shirin tafiya wata ƙasa kaɗan ne. Kafin ka nemi makaranta ko aiki, ka san mutum biyu da za su iya kwana a tabarma saboda kai, don ɗaya zai iya samun uzurin da ba za ka zarge shi a kai ba. In ka kwanta, ka ci, ka sha, ka roƙi a juya ka, kunya ba ta warkar da kowa. Kuma kada ka ɓoye wa uwarka gaskiya don ka kwantar mata da hankali. Inna ta gaya mini daga baya cewa "suna da yawa" ɗin nan da nake faɗa ne ya sa ta hau babur, don ta san muryata in ina ƙarya.

Da aka buɗe iyaka, Inna na cikin waɗanda suka fara shigowa a mota. Washegarin zuwanta muka je Unguwar Sarki, ina dogara sanda. Mun makara. Hajiya ta rasu tun kafin azumi, ƙugun bai haɗe ba, kwanciya ta cinye ta. Inna ta durƙusa gaban Anti Bilki za ta yi godiya, Anti Bilki ta ɗago ta da sauri tana cewa, "Haba Mama, haba, tashi don Allah." Suka zauna a tabarma ɗaya suka yi kuka tare, mata biyu da ba su taɓa ganin juna ba.

Da muka koma Kurmin Mashi, Inna ta ɗora ruwa a wuta, ta sirka, ta kai banɗaki, ta ajiye kujera 'yar tsugunno. Ta naɗe hannun rigarta ta ɗauki soso.

Na ce, "Inna, ai yanzu ina iya yi da kaina."

Ta ce, "Na sani. Zauna."

Na zauna.